Tururuwa a Nonon Bibata

Bibata na zaune bakin gado, rigarta ta jiƙe da nono, tana jin kukan jaririnta daga ɗakin surukarta, Inna Madina. Tun ranar da ta haihu ba a bar shi ya kama mama ba.

Inna ta tatsi nonon a ludayi, ta ga ya fito rawaya mai kauri, ta jefa tururuwa a ciki, tururuwar ta mutu.

"Innalillahi! Mugun nono ne! Shi ya ci min jikana na fari!" in ji ta a gaban matan unguwa.

Daga nan sai madarar akuya da jiƙon sassaƙe a ruwan kogi. Yaron ya kama zawo, ya yi laushi kamar tsumma.

Ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba lokacin, mijinta Siddo yana jan kamiyo, babbar motar kaya, daga Gaya zuwa Doso. Da hantsi ya dawo cike da murna, ko takalmi bai cire ba Inna ta tare shi.

"Ka sallame ta yau! In ka ƙi, wallahi zan ɗaga maka nono!"

Siddo ya daskare. Ya waiwaya, ya ga Bibata a ƙofar ɗaki, idanunta sun kumbura.

"Maigida, kada ka saɓa wa Inna saboda ni," ta ce. "Zan koma garinmu Tanda. A bar ni dai in ba shi sau ɗaya, kafin ya bi wansa."

Maganar ta soke shi. Wannan ce yarinyar da ya yi damina yana ratsa taɓo zuwa Tanda don ya ji muryarta! Ya durƙusa gaban uwarsa.

"Inna, ba zan yi miki musu ba. Alfarma ɗaya nake roƙo, a gwada abin da yake sha shi ma."

Ya jawo ƙwaryar madarar akuyar, ya tsinci tururuwa a gindin bango ya jefa. Ta yi ta ƙoƙarin fita, can ta daina motsi. Ya sa wata a jiƙon. Ita ma haka.

Inna Madina ta dafe ƙirji. "Kai! Har akuyar?"

"Inna, ko a ruwan randa aka jefa ta, nutsewa za ta yi."

Inna ta shiga ɗakinta ta ɗauko jaririn. Da kanta ta goya yaron, suka nufi disfansar, ƙaramin asibitin garin.

Madam Zuliha, ungozomar gwamnati, tana taɓa maɗigarsa ta zaro ido. "Subhanallahi! Me kuke ba shi?" Da ta ji bayani ta saki salati. "Dakashi kuka zubar? Wannan rawayan shi ne maganin farko da Allah ya tanadar wa jariri! Ruwan kogin nan ne ke wanke masa ciki. Ke mai jego, ɗora shi a mama yanzu!"

Bibata ta karɓe shi. Ya lalubi kan maman, ya saki, ya sake lalubowa, sai ya kama. Ɗakin ya yi tsit, ban da ƙarar haɗiyarsa.

Inna ta sulale ƙasa. "Na farin ma... jiƙon nan na ɗura masa. Ashe ni ce?"

Bibata ta miƙa hannu ta kama nata. "Inna, so ne ya sa ki. Haka aka yi miki, haka kika yi mana. Allah ya yafe mana duka."

Tsohuwar ta fashe da kuka, Siddo ma ya juya yana share ido.

Yaron ya rayu, aka raɗa masa Isufu. Inna Madina kuwa duk gidan da aka haihu a unguwar tana zuwa ta tsaya a kan mai jego sai an ba jariri dakashi.

Bibata ba ta rama da baki ba, Siddo bai wulaƙanta uwarsa ba, bai kuma saki matarsa ba. Haƙuri da ladabi suka tsare musu aure, tambaya kuwa ta tsare musu ɗa. Al'ada abar girmamawa ce, amma in ran jariri ne a kai, a bincika kafin a bi.