Injin Casa da Rariyar Sa'adiya

"To, ki ce aljanu ne suka ɗauke shi da sunanki!"

"Aljanun gidanku, Talha! Ni da na ci tuwon sunanka, yau ni kake kira ɓarauniya?"

"Ni ban ce ɓarauniya ba, Gwaggo. Kwamfuta ce ta faɗa."

"To kwamfutar ta fito ta faɗa a gaban idona!"

A haka Insifeto Maitama ya same su ranar Alhamis da hantsi, a bakin kantar ofishin 'yan sanda a Funtuwa. Mutum ne mai tumbi da sanyin magana, kullum idanu a lumshe. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka gyangyaɗi yake yi. Waɗanda suka ɗauka hakan, da yawansu suna gidan yari yanzu suna cin gabza.

Ya ajiye ƙullin ƙosansa, ya ce, "Ɗaya bayan ɗaya. Alhaji, fara."

Alhaji Talha shi ne shugaban ƙungiyar manoma ta Taimakon Juna. Ya gyara babbar riga, ya ce ƙungiyarsu tana da injin casar masara guda ɗaya tak, ja, sabo dal. Kowane ɗan ƙungiya yana da aron kwana biyu a kaka, sau ɗaya. Ranar Litinin mai a-kori-kura ya zo sito da lambar aro, mai gadi ya duba ya ga daidai, ya ba shi inji. Sunan da ke kan lambar kuwa Ladidi Sanda, 'yar garin Ƙarfi. Yau kwana huɗu, babu inji babu labarinsa, ga masarar jama'a jibge a gona ana fargabar ruwan ƙarshe.

"Idan gobe Juma'a bai fito ba, dokarmu ce, za mu kore ta daga ƙungiya, a yi shela a kowane gari," in ji shi.

Gwaggo Ladidi ta dafe ƙirji. Shekarunta saba'in da 'yan kai, kuma a tsakar gidanta aka kafa ƙungiyar nan, kan tabarmarta.

Wani siririn mutum da ke bayan Alhaji ya miƙo wuya. "Yallaɓai, a tsare ta kawai. Tsufa ba ya hana son banza."

"Kai kuma wa?"

"Malam Buba, wakilin Unguwar Maɗaci, can wajen Danja. Ni ba ruwana da ita, ko ƙofar gidanta ban sani ba. Kishin ƙungiya ne ya kawo ni."

"Ji muryarsa kamar ta zakaran da ya sha ruwan sanyi," in ji Gwaggo.

Insifeto ya juyo gare ta. "Gwaggo, buhu nawa kike sa ran samu na masara bana?"

"Masara? Ɗan nan, ni bana waken suya na shuka, daga kunya ta farko har ta ƙarshe. Takin masara ya fi ƙarfina. Me zan casa da injin, haƙorana?"

Ya rubuta wannan a ɗan littafinsa, ya ce kowa ya tafi gida. Ya cinye ƙosansa tukuna, don shi ba ya bincike da yunwa, sannan ya hau bayan babur ɗin Kofur, mataimakinsa, suka kama hanyar Ƙarfi.

Kowane gari yana da wakili, kuma wakili ne ke cike takardar aro a wayarsa. Na Ƙarfi shi ne Kamalu, wani ƙaton matashin magidanci da suka samu a ƙofar gida yana gyaran buhuna.

"Kai ka nema wa Gwaggo Ladidi aron inji?"

"Ni? Yallaɓai, wayata ma ta faɗa rijiya tun makon jiya."

Bai rufe baki ba sai ga matarsa ta leƙo daga zaure. "Baban Ummi, ga wayarka ta cika, in cire daga caji?"

Kofur ya juya baya yana tari. Insifeto ya lumshe ido. "Rijiyar gidanku akwai wutar lantarki ke nan."

Kamalu ya durƙusa. "Wallahi tsoro ne, yallaɓai. Ba tsoronka ba, tsoron Gwaggo."

"Me ka yi mata?"

"Ranar Lahadi na buɗe jerin mutanen Ƙarfi zan rubuta masu zuwa taro, na nemi sunanta sama da ƙasa, babu. Ka ga yatsun nan nawa, kowanne kamar taɓarya. Sai na ce shi ke nan, na danne ta na goge. Kwana biyar ina zagayawa ta bayan masallaci don kar mu haɗu."

Insifeto ya karɓi wayar, ya ja jerin da kansa. Ga Laraba, ga Lami, ga Larai. Ladidi babu.

"Tun Lahadi, ka ce?"

"Tun Lahadi da la'asar."

"Inji kuma ya fita Litinin." Ya mayar masa da wayar. "Jeka ka ci gaba da ɓuya, amma gobe ƙarfe goma ka zo ofishin ƙungiya."

Kafin la'asar suna Funtuwa, a ofishin ƙungiyar, ɗaki ɗaya da hoton Alhaji Talha a bango wanda ya kusa kai girman ƙofa. Sa'adiya ce sakatariya, ita ta yi karatun kwamfuta a Zariya, ita ta tsara musu komai. Idanunta sun yi ja, don ita ma mutane sun fara cewa da bakinta a ciki.

"Yi mini bayani kamar kina yi wa kakarki," in ji Insifeto.

Ta ce, "Yallaɓai, kamar rumbuna biyu ne. Ɗaya na sunayen mutane, ɗaya na aron kaya, da igiya a tsakaninsu. Idan wakili zai cike aro, ba ya rubuta suna da hannu, sai dai ya zaɓa daga rumbun sunaye. Da farko duk sunayen ke zubo masa, mutum ɗari takwas. Muna da Musa Haruna goma sha ɗaya. Bara aka kai wa na Malumfashi famfon feshin na Danja, har aka kusa dambe. Shi ne na sa rariya."

"Rariya irin ta tankaɗe?"

"Ita fa. Wakili ba ya ganin kowa sai mutanen garinsa. A cikinsu ma, sai waɗanda ba su ari injin ba bana. Sauran duk rariya ta tare su."

"To wane wakili ne ya zaɓi Gwaggo?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban sa gurbin wannan ba. Na ɗauka ba sai an faɗa ba: suna na Ƙarfi, wakili na Ƙarfi."

"Wakilin Ƙarfi ba ya ganinta tun Lahadi. Idan gari bai faɗo ta rariya ba, 'yata, yana ina?"

Sa'adiya ta zaro ido. Ta hau danne-danne, ta buɗo shafin Gwaggo Ladidi gaba ɗaya. Gari: Unguwar Maɗaci.

"Ikon Allah! Wa ya kai ta can?"

"Ke zan tambaya. Ta yaya suna ke tashi daga gari zuwa gari?"

"Ta hanya ɗaya ce kawai. Mazanmu ba sa barin gonakinsu, mata ne ke ƙaura idan an yi aure. Shi ya sa na bai wa wakilai dama: idan an kawo amarya garinsu kuma 'yar ƙungiya ce, sai su jawo sunanta. Amma dole a zaɓi mijin daga mazan garin, kuma saƙo zai shiga wayar mijin, sai ya danna ya amince."

"Buɗe mini gurbin miji."

Ta buɗe. Insifeto ya sunkuya ya karanta. Waɗannan idanun da ba a taɓa ganin cikinsu ba suka buɗe tar. Tumbin ya fara rawa, ya riƙe tebur yana dariya har da hawaye, Kofur ya leƙo da gudu ya ɗauka shaƙewa ya yi.

"Kar ki gaya wa kowa," ya ce yana goge ido. "Za ki iya sake tura saƙon nan?"

"Dannawa ɗaya ce."

"Ajiye mini ita sai gobe."

Juma'a ƙarfe goma ofis ya cika maƙil, har ta taga ana leƙe, don irin wannan labari ba ya bukatar mai shela. Gwaggo Ladidi ta sha sabuwar atamfa, ta ce in korar ce ma, a kore ta da kwalliyarta. Kamalu ya laɓe bayan ƙofa. Malam Buba ya zauna a gaba, kusa da Alhaji, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

Insifeto ya ce, "Malam Buba, mutanenka na Unguwar Maɗaci sun samu aronsu bana?"

"Kaf ɗinsu, yallaɓai. Ni ba na wasa da aiki."

"Ke nan in ka buɗe wayarka, babu sunan da ya rage maka ka zaɓa."

"Ko ɗaya."

"Madalla. An kawo amarya garinku kwanan nan?"

"Amarya, alhali kaka ba ta ƙare ba? Babu."

"Ka ce ba ka san gidan Gwaggo ba?"

"Ko a mafarki."

"Wannan koren da ke ƙarƙashin farcenka fa?"

Buba ya dunƙule hannu. "Ƙofa na shafa wa fenti."

"Allah Ya sa albarka. Sa'adiya, bismillah."

Ta danna. Sai aljihun Malam Buba ya ce ƙirrr.

Insifeto ya ce, "Karanta mana, Malam, da ƙarfi. Gwaggo ba ta ji sosai."

"Wa ya ce ba na ji?"

Buba ya ciro waya. Ya duba, ya yi maza zai mayar da ita aljihu. Kofur ya karɓa ya karanta kamar mai sanarwa a rediyo: "Malam Buba, ka amince Ladidi Sanda matarka ce, ta tare a gidanka?"

Jama'a, zo ku ga ofis ya kife! Wata ta taga ta rangaɗa guɗa. Kamalu ya faɗo daga bayan ƙofa yana riƙe da ciki. Alhaji Talha hularsa ta faɗi bai sani ba.

Gwaggo ta miƙe a hankali. "Wa? Ni? Wannan tsinken?"

Insifeto ya ɗaga hannu aka lafa. "Rariya ta hana ka kowane suna a garinka. Sai ka nemi wadda ba ta shuka masara ba, ka san ba za ta zo neman inji ba balle asiri ya tonu. Ba ka da hanyar jawo ta sai aure. Da ka zaɓi wani mijin, saƙo zai shiga wayarsa ya yi ihu. Sai ka sadaukar da kanka. Ina injin?"

Buba ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. "Yana bayan rumbuna, yallaɓai, na rufe shi da kara. Na mayar da shi kore. Gobe Asabar dillali zai zo ya ɗauka. Wallahi na yi niyyar mayar da sunan Gwaggo Ƙarfi ranar Talata, sai na ga babu wajen dannawa."

"Akwai," in ji Sa'adiya tana danne dariya. "Ba ka duba ƙasa ba ne. Gurbin saki. Shi ma sai miji ya danna da kansa, in ba haka ba sunanta na nan a gidanka."

Kofur ya riga ya sa masa ankwa. Gwaggo ta fizgi wayar, ta danƙara masa a tafin hannu.

"Danna! Kwana shida ina gidanka, ko goro ban gani ba, ko ruwan wanka. Danna, kuma sau uku, kar in ji wani ya zo mini da maganar kome!"

Ya danna da babban yatsa mai fenti. Kamalu ya duba tasa wayar ya yi tsalle. "Ta dawo! Gwaggo, kin dawo Ƙarfi! Ga ki nan saman Lami!"

Aka tasa ƙeyar Malam Buba zuwa mota, matan taga suna bin sa da "Ango, a sauka lafiya!" Insifeto ya ce wa Sa'adiya rariyarta ba ta da laifi, ta dai ƙara gurbin mai tankaɗen, wato wakilin da ya cike aro. Alhaji ya aika a ɗauko inji tun kafin a shiga masallaci, don wanda ke kan layi ya samu ya casa kafin hadari.

Sannan ya ɗauki hularsa ya matso yana murza hannu. "Gwaggo, a yi haƙuri. Ai kin san ni, dama zuciyata ba ta yarda ba. Kwamfuta ce..."

"Kwamfutar ta fi ka kunya, Talha. Ita da aka tambaye ta, ta faɗi gaskiya." Ta gyara mayafi, ta dubi Insifeto. "Kai kuma ɗan nan, ka aiko a karɓar maka awara, waken bana ya yi kyau."

"Gwaggo, zauna mana a yi addu'a," in ji Alhaji.

"Ba ni da lokaci. Idda zan je in fara."

Ta fice ta bugo ƙofar da ƙarfin da ya sa hoton Alhaji ya tsinke daga ƙusa, ya faɗo ya kife a kan teburinsa.