Bawul Ɗin Motar Baba

A kantin mahaifinta na kayan AC wani makaniki ya fara ganin ta. Ya zo sayen bawul, ɗan ƙarfen nan mai auna gas ɗin sanyin mota, wanda ke buɗewa idan ya ji zafi, ya tsuke idan sanyi ya isa. Kafin ta miƙa masa, sai ta dumtse kan bawul ɗin a tafinta, ta hura.

"Ya buɗe, lafiyarsa ƙalau," ta ce.

Makanikin ya biya, ya fita yana waiwayenta. Tun daga ranar, kullum sai an samu motar da ke neman bawul a garejinsa.

Da maganar aure ta kai gaban Baba, mahaifinta, makullin motarsa ya miƙa wa makanikin. "Gyara min AC tukuna."

Aiki ne da ya iya kamar cin abinci. Ya ɗaura sabon bawul, ya jona injin zuƙe iska, sai ga kiranta. Garin hira ya kashe injin tun danshi bai gama fita ba. Washegari Baba na tsakiyar hanya danshin ya daskare a ramin bawul, sanyi ya ɗauke. Ya dawo gida sharkaf da gumi.

"Wanda waya ke raba shi da aikinsa ba zai riƙe min 'ya ba!"

Makanikin ya je ya durƙusa. "Baba, laifina ne. A ƙara ba ni motar."

Baba da kansa ya kawo motar, ya ja kujera ya harɗe. Injin na zuƙa, waya na kan benci tana haske, saƙonninta sai shigowa suke yi.

"Injiniyana, ya ake ciki?"

"Ka yi shiru, gabana sai faɗuwa yake."

"Shi ke nan, na gane matsayina."

Ransa ya sosu ƙwarai, amma idonsa bai bar allurar geji ba. Sai da ya tabbatar danshi ya ƙare, ya cika gas. Suka yi ta zagaye a motar, sanyi bai yanke ba.

Baba ya tura masa wayar. "Amsa mata, ɗana, kafin ta tayar min da gida. Iyayenka su zo."

Ya ɗauka ya rubuta: "Farin cikina, share hawayenki. Baba ya ce min ɗana."

Ranar aure Baba ya haɗa hannayensu, idonsa ya cicciko.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari. Kai kuma, daga yau idan ta kira, ka ɗauka."