Taya Taki, Janti Namu

Rana ta yi ja a kan rufin gidajen Magariya sa'ad da Rabilu mai faci ya tsaya da motonsa mai ƙafa biyu a ƙofar gidan Hinda. Shi ba shi da rumfa. Akwatin kayan aikinsa yana ɗaure bayan moto, inda aka kira shi a waya can yake zuwa. Hinda ce ta kira shi. Tun da mijinta Manzo ya rasu farkon damina, motarsa mai buɗaɗɗen baya take tsaye gindin gawon ƙofar gida, tayar baya ta yage, rairayi ya haɗiye ta har rabi. Yanzu kaka ta yi, an sami direban da zai riƙa kai buhunan gyaɗa kasuwar Guci da ita. Da motar nan za a ci tuwo a gidan, babu wata hanya.

Rabilu ya tone rairayin, ya kafa kirik a kan katako, ya ɗaga motar. Bulon, ƙusoshin da ke riƙe da taya, duk suka kwance, taya kuwa ta ƙi fita. Ya ja, ya girgiza, ya juya baya ya harbe ta da diddige. Ko motsi.

"Tsatsa ce ta haɗe janti, wato ƙarfen taya, da na jikin mota, Inna. A ba ni tafasasshen ruwa."

"Yanzu? Dubi rana fa."

"Wata mota na jirana a tasha."

Hinda ta san ba a zuba ruwan zafi a ƙasa da almuru. Uwarta ta faɗa mata, ita ma ta faɗa wa nata. Amma direban da asuba zai zo. Ta sauke ruwan tuwo daga murhu, ta miƙa wa ƴarta Nafisa, budurwa ce ƴar lakwal, wato makarantar boko. Yarinyar ta kwarara shi a kan tayar. Cikin sauri babu wanda ya ambaci sunan Allah.

Wani kuka ya fito daga ƙarƙashin motar, siriri, kamar na ɗan akuya da aka taka. Kaji suka yi tsit. Sai dutse ya faɗo kan rufin motar, wani ya biyo, alhali sararin babu kowa. Rabilu ya hau motonsa ya bar kirik ɗinsa nan.

Nafisa ta koma ciki, ta zauna kan tabarma, ta miƙe ƙafar dama. Shi ke nan. Ƙafar ta manne da ƙasa. Hinda ta ja, maƙwabta mata biyu suka kama mata, ƙafar ba ta lanƙwasa ba, ba ta ɗagu ba. A nan tsakar gida aka kafa mata rumfar zana, a nan take kwana.

Da rana gidan lafiya lau. Amma da zarar inuwar gawon ta taɓa bango, sai jifa ya fara, dutse ɗaya-ɗaya a kan kwano, ba gaggawa. Daga ƙarƙashin motar kuma a ji muryar mace tana rarrashin jariri. Nafisa ta daina cin abinci. Hinda ta daina barci. Takan zauna riƙe da ƙafar, tana jin sanyinta yana hawa daga idon sawu zuwa gwiwa.

Ta aika aka ɗauko Malam Gidaɗo daga Mallawa, tsoho mai ƙaramar murya wanda aka sani da wannan aiki. Ta kuma kira Rabilu.

"Inna, ki riƙe kirik ɗin, na yafe miki."

"Ka rataye mini mota ka gudu? In ba ka zo ba, ni zan zo tasha in zauna kan akwatinka, kowa ya ji."

Ya zo. Ya tsaya nesa, bai kashe moton ba.

Bayan sallar magariba Malam ya zauna kusa da kan yarinyar, ya sa turare a kasko, ya fara karatu. Ya daɗe. Jifan ya tsaya. Sai Nafisa ta buɗe ido, ta yi magana da muryar da ta girme ta.

"Ya isa, tsoho."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Na sami wuri shiru, babu mai taɓawa. Cikin tayar nan na haihu. Ta ƙone mini ɗa."

"Ba ta gan ku ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Motar za ta zauna inda take har tsatsa ta cinye ta. In ta motsa, na tafi da ƙafar nan."

Malam ya ƙara karatu da ƙarfi. Jikin yarinyar ya sandare, muryar ta yi dariya cikin azaba.

"Ƙone ni. Ina ƙonewa ina riƙe da ita."

Malam ya tsayar da karatun. Ya juyo ga Hinda, ya ce a hankali, "Baiwar Allah, ko za a bar mata motar?"

 Hinda ta matso har gwiwarta ta taɓa ta Nafisa.

"Allah gafarta Malam, bari in yi magana da ita. Ke! Dube ni. Ni na tafasa ruwan, ni na aike ta. In kina da magana, da ni za ki yi. Kin shigo ƙofar gidana ba sallama, kin haihu cikin abin da mijina ya bar wa marayu, yanzu ki ce su zauna da yunwa? Naki ɗa ne, nawa duwatsu?"

"Nawa yana kuka."

"Na ji shi. Kullum ina jin shi. Ina da zuma, zan ba ki ki shafa masa, da ita na warkar da ƙunar nawa. Gidan da kika haihu ciki ma ki ɗauka. Mota kuwa ba ki samu."

"Motar duka."

"Taya."

"Da ƙarfenta."

"Taya taki, janti namu. Ina zan samo wani? Kuma ki fara sakin ƴata, ban yarda da ke ba."

Moton Rabilu yana ta kaɗawa a waje. Can muryar ta ce, ƙasa-ƙasa, "Kada a buga da ƙarfi. Barci yake."

Malam ya sa ta rantse da Allah ba za ta dawo ba, ta rantse. Ya matse babban yatsan ƙafar, ya tofa. Nafisa ta yi atishawa mai ƙarfi, gwiwarta ta lanƙwashe, ta fashe da kuka da muryarta ta kanta.

Hinda ba ta tsaya rungumarta ba. Ta ɗauki kwalbar zuma da fitila ta fita.

"Zo nan, sarkin gudu. Ka ji sharaɗi: a hankali."

Rabilu ya yi bisimilla da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Ya ɗiga baƙin mai a bakin janti, ya jira ya ratsa. Ya ɗora katako, ya riƙa ƙwanƙwasawa sannu-sannu yana juya tayar, kamar mai sallama a gidan surukai. Ta saki. Ya kwantar da ita, ya ɓamɓare robar daga janti, gumi na zuba masa. Hinda ta tsiyaye zumar duka cikin robar.

Tayar ta miƙe tsaye da kanta. Ta ɗan yi jim, sannan ta gangara ta bi hanyar bayan gari, sannu, tana kauce wa ramuka.

Hinda ta bi ta har ƙarshen bango, ta ɗaga fitila.

"Safe da yamma za ki shafa masa! Kada ki bari ƙuda ya hau!"

Ta tsaya har duhu ya rufe tayar. Sai a lokacin ta zube kan rairayi tana haki. Rabilu ya taho da gudu zai ɗaga ta.

"Kada ka taɓa ni," in ji ta. "Je ka ɗaura sabuwar taya. Gobe kasuwar Guci."