Rodin da Mudi Ya Kafa a Tudu

An ɗauke wuta bayan sallar isha, muka taru a tsakar gida. Yaya Mudi, ɗan kawunmu, yana zaune a kan turmi. Shekara tara ya yi yana riƙe rediyo a motar agajin gaggawa, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ƙanwata Uwani ce ta tsokane shi.

"Yaya, wai ka taɓa jin tsoro a aikin nan?"

"Sau ɗaya," in ji shi. "Da rana tsaka."

Ga yadda ya faɗa mana.

Shekarar babbar ambaliya aka tura mu fadama. Motar tamu ofis ce mai taya. Bayanta ba taga, sai teburi da kujera da rediyo. A samanta akwai eriya da ake miƙewa. Duk kwalekwalen da ke ɗebo mutane yana da oba-oba, ta wurina suke jin juna. In na yi shiru, sun zama kurame.

Muka sami tudu ɗaya da ruwa bai ci ba. Ba gida, ba akuya, ko tsuntsu babu. Na yi murna. Ban tambayi kaina me ya sa babu wanda ya gudo nan ba.

Ƙa'idar aiki, kafin a kunna komai sai an kafa rodi a ƙasa a ɗaura masa waya, saboda tsawa. Sauri nake yi. Ban yi bisimilla ba. Na ɗaga guduma na buga. Ya shige da sauƙi, kamar cikin tuwo.

Kafin hantsi ruwa ya rufe hanyar da muka biyo. Direbana ya bi jirgin Malam Ubale, tsohon masunci da ke jagorantar masu ceto. Na rage ni kaɗai.

Wajen azahar aka kira daga hedikwata. An buɗe dam. Cikin minti arba'in ruwan zai iso mashigin da jirage ke bi. A lokacin Malam Ubale yana tsakiyar mashigin, da mata da yara cike da jirgi.

Na danna makirufo. "Jirgi na ɗaya, tudu ke kira."

Shiru.

Ku gane, layin nan mutum ɗaya yake ɗauka. In wani ya riƙe shi, kowa sai ya jira. Wani ya riƙe.

Sai murya ta fito. Ta tsohuwa.

"Mai agaji."

Duk muryar da ta biyo rediyo tana zuwa da shuu a bayanta. Wannan ba ta da shi. Jar fitilar da ke kamawa in ana magana ba ta kama ba. Kuma ban ji tana jan numfashi ba.

Bakina ya yi abin da ya saba. "Ina jin ki, Iya. Kina ina?"

"Ƙarƙashinka."

Na dubi ƙafafuna. "Ku nawa ne?"

"Duk mutanen fadama. Ruwa ya ci gidajenmu. Mun riga ka zuwa da kwana uku."

"Iya, ba kowa a tudun nan."

"Ba ka yi sallama ba, balle ka sani."

Na sauya layi. Tana can. Na kashe rediyon gaba ɗaya. Tana nan.

"Ƙarfenka ya bi ta ƙafar jikata," ta ce. "Tun safe take kuka. Mu ba ma taɓa ƙarfe. Kai ka kafa, kai za ka cire."

"Ki sakar mini layi minti ɗaya. Akwai yara a ruwa."

"Tawa ma yarinya ce."

Na dubi agogo. Saura minti talatin.

Na tura ƙofa. Ba ta buɗu ba. Ba kulle take ba, tana ɗan motsi tana dawowa, kamar an jingina da ita. Na tsaya ina tunanin me ake cewa. Sai na yi sallama, murya ƙasa-ƙasa. Na ce, "Gafara dai."

Nauyin ya ja baya.

Waje rana fetal. Tudu wayam. Amma laka duk ta lotsa, gurbi-gurbi, irin na mutanen da suka daɗe a zaune. Na sa ƙafa, na ji kafaɗa ta goge ni. Da ɗumi. Na ji warin rigar da ta jiƙe ba ta bushe ba. Taku goma ne zuwa rodin. Na yi su a karkace, kamar mai ratsa kasuwar shanu, ina gafara dai, gafara dai.

A gindin rodin akwai sawun ƙafa ɗaya, ƙarama. Yatsunta uku. Rodin yana tsakiyarta.

Na yi bisimilla na kama. Ƙarfen da ya shiga kamar cikin tuwo ya ƙi fita. Na girgiza shi, na ji wani siririn kuka daga ƙasa, na daina girgizawa. Sai na durƙusa na ja a miƙe, kaɗan-kaɗan, har fatar tafina ta saɓule. Da ya fito, tsininsa da ɗumi. Sawun ya ɗaga. Wani sawun ya bayyana gaba da shi, sannan wani, da ɗingishi.

Na koma da gudu. Saura minti tara. Na kunna rediyo, sai shuu, ban taɓa jin daɗin wannan ƙarar haka ba.

"Jirgi na ɗaya, Malam, an buɗe dam. Ku fita daga mashigi. Ku yi gabas."

"Ina ka shiga, Mudi? Barci kake?"

"Ku yi gabas, Malam."

"Mun juya. To kai fa?"

"Ina da abokan zama."

"Ka fara shirme," ya ce.

Sun tsira, su duka. Amma ruwan da ya zo ya raba ni da su kwana biyu. Tudun yana raguwa. Ina ciki ina jin bayan mutane na gugar jikin motar, ana matsowa. Daga baya na ji ana hawa rufin. Motar ta zauna a kan tayoyinta. Ban ƙara jin tsohuwar ba. Ƙofar ma ban rufe ba, don na san an shigo. Na takure a kan kujera, gwiwa a ƙirji, don kada in taka wani.

Rana ta uku Malam Ubale ya iso, shi da direbana. Na shiga jirgi, amma na ce su dakata tukuna. Muka tsaya. Jirgin ya rinƙa nutsewa a hankali, har ruwa ya kusa bakinsa.

Malam Ubale ya dubi ruwan, ya dube ni. Shekararsa hamsin a kan kogi.

"Mu uku ne?" ya ce.

"A tuƙa a hankali, Malam. Da tsofaffi a ciki."

Bai sake tambaya ba. Ya matsar da ƙafafunsa gefe, ya kama tuƙi.

A nan Yaya Mudi ya tsai da labarin. Uwani ta janye ƙafafunta daga ƙasa ta naɗe su a kan tabarma.

"Ina suka sauka?" ta ce.

"Ban tambaya ba." Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. "Ku dai in ruwa ya ci gari, kuka ga tudu busasshe ba kowa a kai, kada ɗayanku ya hau shi shi kaɗai. A cike yake."