Saura Ƙafa

Tankari ya dawo daga kasuwar Shiling dab da magariba, ƙafafunsa kamar ba nasa ba. Tun safe yake cinikin jakunkuna, dattijon Maraɗi a garin da zafi ke dafa mutum da ransa. Burinsa ya yi alwala, ya sami jam'i, ya miƙe.

Gidan da shi da abokinsa suke haya a unguwar Sanyuanli tsoho ne tukuf. A da, bututu ɗaya ke kwashe ruwan sama da na banɗaki, shi ya sa da an yi ruwa ƙazanta ke tasowa har tsakar gida. Shekarar wasannin Beijing aka haƙe lungun, aka raba su. Mai gidan ya nuna musu ramin tsakar gida, ya ce na ruwan sama ne kaɗai. Na ƙazanta yana can bayan bene.

Bokitin wankin kifin jiya na nan bakin ƙofa, wari ba a magana. A kai shi bayan bene? Haba! Tankari ya waiga, ba kowa. Ya juye shi a ramin ruwan sama, ko bisimilla babu.

Ba a ji ƙarar zubarsa ba.

Sai tari daga ƙasa.

Ya leƙa. A ƙarƙashin ragar ƙarfen da ta rufe ramin, wani tsoho ne tsugune, hannun riga a naɗe, hanjin kifi na lilo a gemunsa.

"Bawan Allah," in ji tsohon ƙasa-ƙasa, da Hausa tsantsa, "tun ba a haife ka ba nake jiran ruwa mai tsarki a ramin nan. Yau na fara alwala. Saura ƙafa."

Babu faɗa a muryar. Gajiya ce zalla.

Hannu ya ratso ragar, ya cafke masa idon sawu. Sanyi ƙalau.

Ya fara ja.

Tankari ya fizga, a banza.

Can sama Barmo, abokin hayarsa, ya ta da iƙama. Hannun ya tsaya. Ya saki.

"Je ka," in ji tsohon. "Kai ma ka ɗanɗana."

Tun daga ranar, duk ruwan da Tankari ya ɗiba don alwala, na famfo ko na gora, da ya taɓa hannunsa sai ya koma baƙi, yana ƙarnin kwata. Ruwan sama ne kaɗai ke zama da tsarkinsa. Ya tattara ya koma Maraɗi, abin tausayi. Duk rani za ka gan shi bakin rijiya yana taimama, yana duban gabas ko hadari zai taso.