Ina Aladen?

Da hantsi Zuwaira ta shiga babbar kasuwar Rungis, can ƙasar Turawa, da akwatin ƙanƙara a hannu, ta ɓace tsakanin rumfunan nama. Wani dogon saurayi mai rataye raguna ta tambaya da Faransanci inda ake sayar da alade. Ya dubi hijabinta, ya ce a fili da Hausa, yana zaton ba za ta ji ba: "Allah Ya shirya."

"Amin, da ni da kai," in ji ta.

Kunya ta kama saurayin, Nazir, ɗan mahautan Maraɗi mazauna can. Don ya wanke laifinsa ya raka ta har ƙofar rumfar masu alade, tana yi masa bayani. Digirin dokta take yi a Bron, kusa da Lyon, a kan peptides, wasu ƙananan ɓarɓashin furotin. Tana gwada jinsunan aladu daban-daban, ko na wani zai taimaka wa masu hawan jini. Bai gane rabin maganar ba, lambar wayarta dai ya haddace.

Wata shida saƙonni na kai da kawowa. "Doktata, yau wane jinsi ya yi na ɗaya? Ni dai har yanzu ke ce." Ita kuma ta amsa: "Sarkin pawana, je ka yi aiki, raguna na jira."

Zancen aure na tashi, mahaifiyarsa Hajiya Rakiya ta kafe. Ita Inès 'yar ƙawarta take so masa, mai aikin ofis, mai tsabta. An tambayi malami, ya ce taɓawa ba ci ba ce, ruwa yana wankewa.

"Malam ne za ya ci tuwonta?" in ji Hajiya. "Ni ba ni cin abincin hannun da ke dagular alade."

Zuwaira ta ji zafin maganar sosai, ta yi kuka. Tana son Nazir, amma ba za ta shiga gidan da ake ƙyamar hannunta ba, aikin kuma ba ta bari. Sai ta aika a gayyato Hajiya ta zo ta gani.

Hajiya ta hau jirgin ƙasa zuwa Lyon da shirin toshe hanci, don ta zaci mahauta za ta tarar, jini da ƙudaje. Sai ga ɗaki fari tas, ga Zuwaira bayan gilashi da safar hannu biyu-biyu.

"To ina aladen?"

Zuwaira ta ɗaga wata kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, da ɗan farin gari a gindinta.

"Wannan? A kan wannan na hana kaina barci?" Hajiya ta dube ta, ta ce, "Ɗiyata, mi ya kai ki wanga aiki?"

"Hawan jini ne ya ɗauke babana a Damagaram, Hajiya. In muka gane yadda abin yake aiki a nan, sai mu nemo irinsa a akuya da rago, mutanenmu su samu."

Da azahar Zuwaira ta wanke hannu, suka yi salla tare. Ta buɗe dambun zogalen da ta zo da shi, ta tura wa Hajiya kwanon, ta ja da baya don kada ta takura ta.

"Matso," in ji Hajiya. "Ɗebo ki zuba mini, da hannunki."

A Vénissieux, gefen Lyon, aka ɗaura auren, gidan kawun amarya. Hajiya Rakiya ta riƙe hannun Zuwaira ta sa cikin na ɗanta, ta ce, "Allah Ya yi wa hannun nan albarka, Ya sa a warke ta dalilinsa." Duk ɗakin aka amsa da amin.