Yatsan Magajin Gari

Ni na tuƙa shi zuwa wurin, don haka masu ba da labarin mahaifina daga jita-jitar kasuwa su dakata tukuna.

Sunana Ozuwa. Mahaifina Digbe malamin makaranta ne a Gbaliyo, garin noman koko. Sau uku ya nemi kujerar magajin gari a Jam'iyyar Gumi, wadda ta haɗa manoma 'yan gari da baƙi daga arewa a kan kuka ɗaya: a ƙara farashin koko. Sau uku ya sha ƙasa. Tun da na dawo daga jami'a a Abijan nake rubuta masa jawabi, ina cika baki cewa aƙida ce ke jan mutane.

"Aƙidarki ko kare ba ta tara mini ba," ya ce wata rana. "Ɗauko makulli."

Da tsakar rana muka isa wata gonar koko da ta mutu a tsaye. Bukkar Dago boka tana gindin rimi. A ciki an jera ƙoƙunan kan birai, ga wani baƙin gunki mai hannu ɗaya a miƙe, jini ya bushe a jikinsa har ya yi ɓawo. Warin bammi da ruɓaɓɓen ƙwai ya sa na toshe hanci.

"Malam ya zo da ɗalibarsa," in ji Dago. "Me ake nema?"

"Jama'a."

"Su yarda da maganarka, ko su bi ka?"

"Ba duk ɗaya ba ne?"

"Tambayi mai digiri." Ya yi mini murmushi da baƙaƙen haƙora. "Yarda ba ta cikin hajata. Bi kuwa, ko gobe. Riƙe kuɗinka, kawo yatsa."

Ya tsaga manunin Baba da aska, ya cusa baƙin gari, ya haɗa shi da yatsan gunkin.

"Taro ba ya taruwa sai an nuna masa wani. Ka nuna, za su bi ka. Amma duk wanda ka nuna a gaban jama'a, nawa ne. Ranar da suka roƙa ka ƙi, kai za su nuna."

"Baba, mu tafi," na ce.

"Yi shiru, manya na magana."

A taron Asabar ya ninke takardata ya sa aljihu. Bai ambaci koko ba. Ya ce, "Wa ya cinye ƙasar kakanninku?" Sai ya nuna Salfo mai shago, baƙo daga arewa. Filin ya ɗauki ruri. Bayan kwana uku aka tsinci Salfo a bayan kantarsa, ido buɗe, babu rauni.

Mutanen da jiya suke cin aceke, dambun rogo, a kwano ɗaya da baƙi suka sauke tutar Gumi suka ɗaga ta 'Yan Ƙasa. Attajiran da Baba ya shekara goma yana zagi suka dawo gefensa. Ya ci zaɓe. Gonakin waɗanda suka gudu suka zama nasa, ga bene, ga motoci uku.

Sai yatsan ya ƙi lanƙwasuwa. Ya riƙa naɗe shi da hankici, yana cin futu, sakwararmu, da cokali. Ranar wani biki hankicin ya zame, ya nuna ƙanensa Seri cikin raha, "Ga ɓarawon nama." Kafin Lahadi mun binne Seri.

Mahaifiyata Poko 'yar ƙabilar Mosi ce, baƙuwa daga arewa, a goye aka kawo ta garin. Babu wanda bai ci soyayyar ayabarta ba. Na durƙusa na roƙe ta ta koma wurin danginta.

"In koma ina? Nan na binne cibiyarki."

Zaɓe na biyu ya zo. Muna zaune a kan dandamali a filin ƙwallo, sai Lago, mataimakin Baba, ya karɓi lasifika yana dariya.

"Ranka ya daɗe, ka share mana gari. Saura ɗaki ɗaya a gidanka."

Idanu suka koma kan mahaifiyata. Can wani ya fara, saura suka ɗauka: nuna, nuna, nuna.

Na tashi na tsaya a gabanta. "Baba, in za ka nuna, da ni za ka fara."

"Matsa, Ozuwa."

Ban matsa ba. Ita ce ta ture ni gefe.

"Baban Ozuwa," ta ce a hankali, "shekara talatin ina zuba wa hannun nan ruwa. Yi abin da ya kawo ka."

Ya dubi taron. Ya kwance hankicin. Bai kalle ta ba, amma ya nuna.

Ran Alhamis tana juya ayaba a kasko ta zauna, ba ta sake tashi ba.

Da muka dawo daga maƙabarta ya ɗora hannu a kan turmi ya sare yatsan da adda. Kafin wata ya ƙare, mutane sun ɗauke ƙafa, motoci da gonaki sun bi su. Yanzu yana kulle a ɗakin baya, yana yi wa bango jawabi, yana nuna shi da dungu. Ni ke masa wanka, ni ke ba shi abinci a baki. Ban ce na yafe ba.

Lago ne magajin gari yau, taronsa ya fi na Baba. Na lura da hannunsa, yatsu goma duk suna lanƙwasuwa. Na koma gindin rimi na tambayi Dago ko shi ma ya zo.

"Ya zo neman me, mai digiri? Mahaifinki ya riga ya koya musu yunwar."

Duk mai kwaɗayin kujera ya ji da kyau: taron da ka saba wa cin mutum ba ya ƙoshi don kai ka faɗi, kuma sai ya biyo ta ƙofar gidanka.

An ce ni ma rabin baƙuwa ce, in tattara. Na gaji kaskon uwata, da digirina, a daidai inda take zama. Kullum suna wucewa suna kallona. Ni ma ina kallonsu.